Tsohuwar Kalma A Cikin Waƙa: Yadda Za A Kai "Quoth" Faransanci

A zangon karatun da ya wuce na ba 'yan ajin Faransanci aiki, na ce su juya waɗansu baitoci na wata waƙar Ingilishi zuwa Faransanci. Da na zauna duba takardu, sai na tarar kalma guda ta ka da mutane da yawa, har da waɗanda ba su saba faɗuwa ba. Kalmar kuwa ita ce "quoth". Waɗansu suka tsallake ta kamar ba su gan ta ba. Waɗansu suka rubuta "cita", domin sun zaci "quote" ce ta sake riga. Wani kuma ya rubuta mini a gefen takarda, wai kuskuren masu ɗab'i ne.

Na ga ya kamata in kawo zancen nan shafin Hausa don kowa ya sami rabonsa. Abin da ya sa na damu shi ne, ku ne malaman gobe. Kuskuren almajiri a takardarsa ya ke tsayawa, amma na malami aji guda ke ɗauka su tafi da shi gida. Ga shi kuma ƙasashe huɗu da muka yi iyaka da su, watau Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, duk ana aiki da Faransanci a ofisoshinsu da makarantunsu. Saboda haka wanda ya iya ɗauko magana daga Ingilishi ya sauke ta cikin Faransanci lafiya, ba zai rasa inda za a neme shi ba.

WAƘAR DA MAI ITA

Sunan waƙar "The Raven". Wani mutumin Amurka ne ya yi ta, sunansa Edgar Allan Poe, ana faɗinsa Po. An haife shi a 1809, ya rasu a 1849. Waƙar ta fito cikin wata jarida ta birnin Niyok ran 29 ga Janairu, 1845. Baitocinta 18 ne, kowane baiti layi 6, jimla layi 108 ke nan.

"Raven" wani irin hankaka ne na ƙasashen sanyi. Ya fi namu girma, kuma baƙi ne ƙirin, ba shi da farin ƙirji kamar namu. Faransawa suna ce da shi "corbeau".

Ga yadda labarin ya ke. Wani mutum ne zaune cikin ɗakinsa da tsakad dare a watan Disamba, yana duba tsofaffin littattafai don ya manta da baƙin cikin rasuwar wadda ya ke so, mai suna Lenore. Sai ya ji ana ƙwanƙwasawa. Ya buɗe ƙofa, bai ga kowa ba. Ya buɗe taga, sai ga hankaka ya shigo, ya hau kan wani gunki da ke bisa ƙofa ya zauna. Abin ya ba mutumin murmushi, ya tambaye shi sunansa. Tsuntsu ya amsa da kalma guda, "nevermore", watau ba za a sake ba har abada. Daga nan mutumin ya yi ta jefa masa tambayoyi, kowace ta fi ta baya zafi, ko zai sami magani ga ciwon zuciyarsa, ko zai sadu da Lenore a lahira. Amsa dai ɗaya ce. Daga ƙarshe ya kore shi, tsuntsu ya ƙi tashi.

To, sau 6 hankakan nan ya yi magana cikin waƙar. Sau 5 mai waƙa ya gabatar da maganarsa da "quoth", a baiti na 8 da na 14 da na 15 da na 16 da na 17. Sau ɗaya tak, a baiti na 10, ya yi amfani da "said". Shi kuwa mutumin, ko sau ɗaya ba a ba shi "quoth" ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

MA'ANAR KALMAR DA HALINTA

Ma'anar "quoth" ba ta da wuya. Daidai ta ke da "said", watau ya ce, ko ta ce, ko na ce. Amma fi'ili ne mai taurin kai, yana da halaye da ba na sauran fi'ilai ba.

Na ɗaya, abin da ya wuce kaɗai ya ke nunawa. Ba shi da siffar yanzu, ba shi da ta gobe.

Na biyu, kullum shi ke gaba, fa'ili na biye. Ana cewa "quoth the king", ba a cewa "the king quoth".

Na uku, ba a saba haɗa shi da wanda a ke yi wa magana ba. Mai magana ke sa wa kansa, ko ya sa wa wani da ya ke ba da labarinsa.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, gama muna da irinta a gida. Ku dubi "in ji". Ita ma ba ta sāke siffa, kuma kullum tana gaban mai maganar, kamar cikin karin maganan nan: ashe ana tsoron inna, in ji 'ya'yan mayya. Wajen gini, "quoth the king" da "in ji sarki" Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Bambancinsu ɗaya ne, shekaru. "In ji" tana nan da ranta a bakin yaro da babba, ita kuwa "quoth" ta daɗe da barin kasuwa.

INDA TA FITO

Cikin Ingilishin dā, wanda a ke yi a Ingila kafin 1066, akwai fi'ili "cwethan", ma'anarsa faɗi. Idan abin ya wuce sai a ce "cwaeth". Wannan ita ce kakar "quoth". A shekarar 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi. Bayan haka marubuta suka ɗauki al'adar rubutun Faransanci, suka riƙa sa "qu" a inda dā a ke sa "cw". Ta haka "cwen" ta zama "queen", "cwic" ta zama "quick", kalmarmu kuma ta sami "qu" a goshinta.

"Quote" kuwa baƙuwa ce. Daga Latin ta fito, daga "quotare", watau sa wa surorin littafi lamba. Asalinta "quot", ma'anarta nawa. Kun ga ashe ba dangin iya ba na baba tsakaninta da "quoth". Kama da wane ba ta wane. Wanda ya rubuta "cita" ya mai da hankakan nan ɗalibi mai kawo hujja daga littafin wani, alhali kuwa maganar kansa ya ke yi.

Amma "quoth" tana da 'yar'uwa guda da ta rage da rai cikin Ingilishin yau, ita ce "bequeath", watau barin wasiyya. Mai wasiyya da baki ya ke faɗin wanda zai ba abinsa, shi ya sa kalmar ta fito daga faɗi.

TSUFA IRI BIYU NE

Nan ne gindin darasin, sai ku kasa kunne. Idan ka ga tsohuwar kalma cikin waƙa, tambayar farko ita ce, sa'ad da aka yi waƙar, kalmar nan ta riga ta tsufa, ko kuwa daga baya tsufa ya same ta?

Bari in kawo misali daga gida. A lissafin wuri na dā, hauya ashirin ce. In tsoho na wancan zamani ya ce hauya uku, sittin ya ke nufi, ba ya kuwa nufin ya burge kowa, haka kowa ke faɗi a kasuwa. Amma in wani ya zauna yau ya rubuta labari ya sa hauya uku maimakon sittin, da gangan ya yi, so ya ke ka ji ƙanshin zamanin dā. Kalma ɗaya ce, niyya biyu.

Haka ya ke ga kalmarmu. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya cika waƙoƙinsa da ita, yana rubuta ta "quod". A wurinsa kalmar yau da kullum ce. Wanda zai juya shi zuwa Faransanci, in ya sa "dit" ya gama aikinsa, bai yi hasarar kome ba. Amma a 1845 ba wanda ke cewa "quoth" a titin Niyok. Poe ya san "said" sarai, ga ta nan ma cikin baiti na 10. Ya bar ta ne ya shiga rumbu ya ɗauko tsohuwar, ya kuma keɓe ta ga tsuntsu kaɗai.

Don me? A ganina, a baiti na 8 wasa ne. An ɗauki tsuntsu an naɗa masa rawanin dattawa, kamar yadda mu kan ce malam dila a tatsuniya. Amma da aka kai baiti na 14, aka yi ta maimaita kalmar baiti huɗu a jere, sai wasa ya ƙare. Ta zama kamar muryar alƙali mai yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Har wa yau, ku faɗe ta da ƙarfi ku ji. Da "kw" ta fara, kamar kukan hankaka, sa'an nan ta ja "o" mai tsawo. A 1846 Poe ya rubuta bayanin yadda ya shirya waƙar, ya ce saboda amon "o" da "r" ya zaɓi kalmar amshinsa. Mutumin da ke auna amo haka, da wuya a ce "quoth" faɗo masa ta yi kawai.

ABIN DA FARANSAWA BIYU SUKA YI

Manyan mawaƙan Faransa biyu sun juya waƙar nan. Na farko Charles Baudelaire, ana faɗinsa Bodler, wanda ya rayu daga 1821 zuwa 1867. Tasa fassarar ta fito a 1853. Na biyu Stéphane Mallarmé, ana faɗinsa Malarme, an haife shi a 1842, ya rasu a 1898. Shi wannan abokin sana'arku ne, gama ya yi wajen shekara 30 yana koyar da Ingilishi a makarantun sakandare na Faransa. Tasa fassarar ta fito a 1875, Ingilishi da Faransanci gefe da gefe, da zane-zanen Édouard Manet, aka buga kwafi 240 kaɗai.

Su duka biyu zube suka rubuta, suka bar kari da ƙafiya. Su duka biyu suka juya "nevermore" da "jamais plus". Da suka zo kan "quoth" kuma, su duka biyu suka sa "dit", suka sa tsuntsu gaba, fi'ili baya. Watau kalmar da ta ka da ku, waɗannan gwanaye da kalma mafi sauƙi suka biya ta. Kada ku yi gaggawar cewa ragwanci ne. Bari mu auna hanyoyin da ke gabansu ɗaya ɗaya.

"A dit". Ma'ana daidai ce, amma wannan ita ce siffar hira, irin ta mai ba da labarin abin da maƙwabci ya faɗa jiya. Ta yi wa hankakan nan arha.

"Dit". Wannan siffar abin da ya wuce ce wadda Faransawa ke kira "passé simple". A littafi a ke samunta, ba a cika jinta a bakin mutane suna taɗi ba. Saboda haka tana da ɗan kwarjini. Gajeriya ce kuma, gaɓa ɗaya kamar "quoth". Aibinta shi ne, "il dit" na iya zama ya ce, na iya zama yana cewa. Sai a jam'i su ke rabuwa, "dirent" da "disent".

"Fit". Faransawa kan sa shi maimakon "dit", musamman ga gajeriyar magana ko kukan dabba. Da an sa shi, da tsuntsu ya koma mai ƙara kawai.

"Croassa". Ma'anarsa ya yi kuka irin na hankaka. Ga shi da kyau a ido, amma tarko ne. Poe ya san kalmar Ingilishi mai wannan ma'ana, ya yi amfani da ita a baiti na 12, amma bai sa ta a madadin "quoth" ba. Daɗin waƙar duk yana wurin shakka, shin tsuntsu ne da ya haddace kalma guda a gidan wani, ko kuwa manzon ƙaddara ne? Wanda ya sa "croassa" ya yanke shari'ar da mai waƙa ya bari a buɗe.

"Répondit" da "proféra". Na farko ya amsa, na biyu ya furta da nauyi. Kowanne ya ƙara abin da babu shi a asali.

"Dist". Haka a kan rubuta kalmar a tsohon Faransanci. Amma ba ta zauna cikin kunnen mutane kamar yadda "quoth" ta zauna ba. Bafaranshen yau in ya gan ta, shi ma cewa zai yi kuskuren masu ɗab'i ne.

Saura zancen jeri. Faransanci ma yana sa fi'ili gaban fa'ili, kamar "dit le roi". Amma a tsakiyar maganar da aka ɗauko a ke sa shi, ko a bayanta. Ba a saba buɗe jimla da shi ba. To, ga matsala. In mai fassara ya ce lalle sai ya riƙe jerin "quoth", tilas "jamais plus" ta zo gaba, baiti ya ƙare da sunan tsuntsu. Alhali kuwa baitoci 11 na ƙarshen waƙar duk da "nevermore" su ke rufewa, ita ce gudumar da ke sauka a ƙarshe. Ba a gudu ana susar takashi. Suka zaɓi guduma, suka saki jeri. Ni dai ina ganin sun yi daidai.

ABIN DA YA ZUBE A HANYA

Duk da haka kada mu ɓoye, an yi hasara. A Faransanci "dit" ce a baiti na 8, "dit" ce a baiti na 10. Bambancin da Poe ya sa tsakanin "quoth" da "said" ya ɓace, rawanin tsuntsu ya faɗi.

Irin wannan hasara ta sake samun su wajen lamiri. Mutumin nan da "thou" da "thee" da "thy" ya ke yi wa hankaka magana. Dā can waɗannan su ne lamirin mutum ɗaya, kamar kai da ke a Hausa, "you" kuwa kamar ku. Da "you" ta kore su daga bakin jama'a, sai suka rage cikin addu'a da waƙa da fassarar Baibul ta 1611, har suka zama kalmomin girma. Takwararsu a Faransanci "tu" ce, ita kuwa har gobe da ita a ke yi wa yaro da aboki magana. Nahawu ya dace, amma kwarjini bai haye ba.

Mai fassara na gari ba ya zama yana kuka, bashin da ya ci nan sai ya biya can. Faransanci yana da nasa tsofaffin kalmomi da kowa ya sani amma ba a cika faɗinsu ba. Akwai "jadis", watau a zamanin dā. Akwai "ne ... point" maimakon "ne ... pas". Akwai "maint" maimakon "beaucoup de". Baudelaire da Mallarmé duk sun sa "maint" tun a baitin farko. Da mai karatu ya ci karo da ita, ya san ba labarin kasuwa za a ba shi ba, har in ya kai ga "dit" sai ya ji ta da nauyi.

HANYAR DA ZA KU BI

In kun gamu da irin wannan kalma a jarrabawa ko a aji, ga matakan da na ke ba ku shawara ku bi.

1. Kada ku amince da kamanni. Ku duba ƙamus ko da kuna ganin kun san kalmar. In ƙaramin ƙamus ya gaza, ku nemi babban ƙamus na Oxford, wanda aka gama bugunsa na farko a 1928. Shi yana nuna ma'anonin kalma bi da bi, da shekarun da aka yi amfani da kowace.

2. Ku lura da 'yan alamun da ke gefen kalma. A ƙamus na Ingilishi "arch." na nufin tsohuwa ce. A na Faransanci "vx" da "vieilli" na nufin haka nan, "littér." kuwa ta littafi ce.

3. Ku nemi shekarar da aka yi waƙar, ku tambayi kanku ko da gangan aka ɗauko kalmar.

4. Ku faɗi ma'anar da Hausa tukuna. In ba ku iya faɗinta da harshen da kuka sani ba, ba ku gane ta ba, balle ku kai ta Faransanci.

5. Ku rubuta kalmomin Faransanci uku ko huɗu da za su yiwu, ku auna kowace, me ta ƙara, me ta rage.

6. In kun rasa tsohuwar da ta dace, ku sa mai sauƙi wadda ma'anarta ta tabbata, ku biya bashin a wani wuri. Kada ku ƙaga tsufan da Bafaranshe ba zai gane ba.

AIKI

Ga waɗansu jimloli da na shirya da kaina. Ku juya su zuwa Hausa, sa'an nan zuwa Faransanci, ku rubuta dalilin zaɓinku cikin layi biyu.

(a) "Wherefore weepest thou, child?" quoth the old woman.

(b) Ere the rains came, the king had oft ridden to the well.

(c) Methinks the traders of yore feared this road.

Zan taimake ku da abu guda. "Wherefore" ba ta tambayar wuri, ko da ya ke ta yi kama da "where". Dalili ta ke tambaya, watau don me, "pourquoi". Sauran kuwa, "ere" da "oft" da "methinks" da "yore", ƙamus na jiranku a ɗakin karatu. Ku lura kuma, a jimlar (a) magana ce gaba, "quoth" na baya. Ku gani ko a nan Faransanci zai yarda ku riƙe jerin da Baudelaire da Mallarmé suka saki.

Ku kawo takardunku kafin hutun ƙarshen zango. Waɗanda suka fi kyau za a buga su a wannan shafi cikin fitowa ta gaba, tare da gyara.